Falmata a Nguru, Yagana a Gashua

Zuwa ga shugaban kwamitin da aka ɗora wa aikin haɗa kwamfutocin asibitocin wannan yanki namu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya kai da iyali, kuma aiki yana tafiya yadda ake so.

Sunana Bukar, mazaunin Nguru, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa tun zamanin da jirgi ke shigowa garin nan yana kwasar gyaɗa da shanu. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na nemi ofishinka na rasa. Wanda na tambaya a Nguru ya nuna mini Gashua, na Gashua kuma ya nuna mini Damaturu, gwiwoyina kuwa sun daina irin wannan yawon. Da a bara na rubuta takardar nan, da ba za ka iya karanta ta a gaban yaranka ba, don a lokacin raina a ɓace yake matuƙa. Bana kuwa hankalina ya kwanta, godiya ce ta fi yawa a bakina. Amma akwai sauran magana, kuma ta shafi ran jikata.

Yarinya ce 'yar firamare, tana zaune da iyayenta a Gashua. Ubanta shi ne ɗana na fari, manomin tattasai ne, yakan kuma bi mota ya kai kaya Kudu. Sunan mahaifina ya ci, don haka tun yana zanin goyo Abba muke kiransa, ni dai bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba. Da aka haifa masa 'ya mace sai ya mayar mata da sunan mahaifiyarsa, marigayiya matata Falmata. Ka san mu, babu wanda zai tsaya a tsakar gida yana ƙwala wa yarinya kira da sunan uwar maigida, sai aka sa mata Yagana, wato ƙaramar uwa. Mahaifiyar yarinyar, surukata, ta yi sakandare, tana karatu da rubutu tsaf, amma har yau ba ta faɗin sunan uwar mijinta, ba ta kuma faɗin na mijin. Haka ta taso ta gani, haka mu ma muka taso, kuma ban ga laifin abin ba.

A hutun makaranta na bara aka kawo mini Yagana Nguru, sai zazzaɓi ya kama ta, ga ƙurji a ƙafa ya yi ruwa. Na kai ta asibiti. A wurin yankar kati aka tambaye ni sunanta, ni kuma mutumin ofis ne, na san asibiti sunan yanka yake so, na ce Falmata. Aka ce sunan uba fa? Nan ne harshena ya yi nauyi, sai na ba da nawa, tunda ni na kawo ta. Aka rubuta Falmata Bukar, aka karɓi lambar wayata. Likita ya duba ta ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ba a jima da yi mata ba fuskarta ta kumbura, leɓɓanta suka yi suntum, numfashi ya fara gagararta. Na ga mutuwa iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Allah ya taimaka ma'aikatan suna kusa, suka rufu a kanta, ta sha da ƙyar. Likitan ya ce jikinta ba ya karɓar wannan allura da duk danginta, kuma in aka sake yi mata, mai yiwuwa ba za a yi sa'a irin ta yau ba. A gabana ya shigar da maganar cikin kwamfuta, ya kuma rubuta mini sunan allurar a takarda.

Na roƙe shi ya aika wa asibitin Gashua, tunda can yarinyar take zaune. Ya ce ba shi da hanya. Manhajar da ke kwamfutarsu daban ce da ta Gashua, kowane asibiti daga wurin kamfani daban aka sayo masa, kuma ba sa jin yaren juna. Sai na hau mota da kaina na tafi Gashua. Mai yankar kati na can ya buga Falmata Bukar, ya ce babu mai wannan suna. Na ce to gwada Yagana Abba, don haka uwarta ta yankar mata kati tun tana jaririya. Ya same ta, amma ya ce ba zai ƙara komai a bayanin Yagana Abba daga takardar da ke ɗauke da sunan Falmata Bukar ba, don ina ya san ko yara biyu ne. Har da 'yar dariyarsa ya ce, “Baba, ku je gida ku fara shirya kanku a kan suna ɗaya tukuna.” Na fito ina huci, na danƙa wa Abba takardar, ya ninke ta ya sa a jakar aljihunsa.

Wannan shi ne bara. Yanzu ga abin da ya faru a daminar bana.

Abba yana bisa motar tattasai a hanyar Kudu, wayarsa ba ta shiga, takardar kuma tana aljihunsa. Yagana ta tashi da zazzaɓi mai zafi da tari, ƙirjinta yana ƙugi. Uwarta ta sa ta a napep da safe ta kai ta asibitin Gashua da katinta na Yagana Abba. Likita ya saurari ƙirjin ya rubuta allura. Uwar ta ce masa akwai wata allura da ta kusa kashe yarinyar a Nguru, amma ba ta riƙe sunanta ba, kuma wa zai zarge ta, sunan ya fi na tashoshin jirgi wuyar faɗi. Sai nas ɗin da ke wurin ta ce ai yanzu an kawo sabon tsari, daga nan inda suke za su iya tambayar asibitin Nguru ta kwamfuta. Ta buga Yagana Abba, Nguru ta ce ba ta san ta ba. Nas ta tambayi uwar ko yarinyar tana da wani suna. Surukata ta sunkuyar da kai, don ɗakin cike yake da mutane, har da wani dattijo ɗan unguwarsu.

Daga baya ta ce mini in wuya ta yi wuya da ta faɗa, ko ta karɓi biro ta rubuta, kuma na yarda da ita. Amma ko ta faɗa, Falmata Abba za ta ce, ita ba ta san na sa sunana a madadin na mijinta ba. Kwamfutar Nguru za ta sake cewa babu, a yi allurar da zuciya ɗaya.

Nas ɗin 'yar ƙasa ce, tana ganin an sunkuyar da kai ta gane inda matsalar take, ba ta matsa mata ba. Sai ta ce, “To wa ya kai ta asibitin Nguru? Ba ni lambar wayarsa.” Aka ba ta tawa. Ta buga, tambaya ta tafi Nguru, amsa ta dawo. Ta juyo da fuskar kwamfutar wajen surukata, ta ɗora yatsa a kan sunan ta ce, “Ita ce wannan?” Surukata ta gyaɗa kai. A ƙarƙashin sunan akwai gargaɗi da jan rubutu, kuma allurar da likita ya rubuta a ranar tana cikin dangin da aka hana. Ya soke ta ya canza wata.

Washegari da labari ya iske ni na garzaya Gashua, sai na tarar da amaryar tawa zaune a kan gado tana cin ƙosai. Ko gaisuwa ba ta yi mini ba, ta leƙa hannuna ta ga ban riƙo komai ba, ta ce ita ta gaji da miji marowaci, in shirya ba ta takardarta ta saki. Na zauna a bakin gadon na yi dariya har hawaye suka zubo mini, kuma ba duka na dariya ba ne. Ranka ya daɗe, ban san fuskarka ba, amma a wannan rana na yi maka addu'a, kai da duk wanda ya sa hannu a aikin nan.

Ni mutum ne mai son ganin cikin abu, don haka da yarinya ta samu sauƙi na je sashen ajiyar bayanai na asibitin na ce a nuna mini yadda aka yi kuramen kwamfutocin nan biyu suka fara hira. Wata malama mai haƙuri ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ba a taɓa manhajar kowa ba, ba a kuma kwashe bayanan Nguru an zuba a Gashua ba. Kowane asibiti yana nan da rumbun bayanansa yadda ya saba ajiyewa. Abin da aka yi shi ne an buɗe wa kowane rumbu taga ta yanar gizo, aka kuma yarda da tsari ɗaya na yin tambaya da tsari ɗaya na ba da amsa. Kwamfutar Gashua ta aika tambaya ta wannan taga, tagar Nguru ta juya tambayar zuwa yaren da manhajarta ke ji, ta ɗauko abin da aka nema kaɗai ta mayar. Ta ce ɗakin gwajin jini yana da tagarsa, ɗakin magani da tasa, wurin kati da tasa, kowanne yana aikinsa shi kaɗai, wanda ke buƙatarsa ya ƙwanƙwasa. In gobe wani asibiti ya canza manhaja, tagarsa kawai za a gyara, sauran ba ruwansu.

Na ce mata ai wannan aikinmu ne na tasha. Kowace tasha da shugabanta da littafinta, babu wanda ya taɓa cewa a tattara su a kai Kano. Amma jirgi ba ya tashi sai mun buga waya tasha ta gaba mun tambaya ko hanya a buɗe take, da kalmomin da kowa ya haddace, mu kuma jira amsa. Ta yi murmushi ta ce kusan hakan ne. To da yake na gane abin, na kuma gane inda yake yoyo, shi ya sa nake kawo maka waɗannan koke-koke.

Na ɗaya. Har yau da nake rubutun nan, Falmata Bukar da Yagana Abba mutum biyu ne a wurinku. Abin da nas ta gano a ranar bai zauna ko'ina ba, ana rufe shafin ya tafi. Na roƙi a ɗaure katunan biyu wuri guda, ko a kwafi jan gargaɗin a sa a katin Gashua. Malamar ta ce tsarin zai iya, amma ba a ba kowa izinin tabbatar da cewa kati biyu na mutum ɗaya ne ba, ana jiran kwamitinku ya faɗi wanda zai riƙa yi. Ke nan duk ranar da aka sake kai yarinyar, sai mun yi sa'ar nas mai irin wancan tunani. Ranka ya daɗe, a ba wani wannan izini. Ga uwa, ga uba, ga kaka, ga yarinyar kanta, duk a shirye muke mu zo mu tsaya a gabansa.

Na biyu. A buɗe gurbin sunan gida a wurin yankar kati, kuma tambayar da ke tafiya tsakanin asibitoci ta riƙa ɗaukar sunayen biyu. Waɗanda suka tsara muku manhaja sun ɗauka kowane mutum suna ɗaya gare shi daga haihuwa har kabari. A nan kuwa ka shiga kowane gida ka ƙirga Yagana da Ummi da Abba da Baba Gana, ka tambaya wa ke kawo su asibiti. Yawanci uwa ce, wadda ita ce ta fi kowa nauyin baki a kan sunan. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma jahilci ba ne, ladabi ne aka koya mata. A kuma ja kunnen masu yankar kati su daina mayar da abin wasa. Wanda ya yi mini dariya bara, na tabbata shi ma akwai sunan da ba ya iya faɗa a gaban mahaifinsa.

Na uku, kuma wannan ya fi tsaya mini a rai a matsayina na tsohon ma'aikacin tasha. Ina zaune a wurin malamar na ce ta sake buga lambata in gani da idona. Ta buga, muka jira, sai kwamfuta ta rubuta cewa ba a samu kowa ba. Na ce yaya haka, yarinyar da aka samu shekaranjiya? Ta kira Nguru ta waya, ashe batirin solarsu ne ya yi sanyi, na'urar da ke amsa tambaya a kashe take. Tambaya ta tafi ba ta tarar da kowa a taga ba, amma maimakon kwamfutar ta ce Nguru ba ta amsa ba, sai ta ce babu. Waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne. A tasha, in ka buga waya ka ji shiru, ba za ka ɗauka hanya a buɗe take ba, jirgi yana nan tsaye har sai ka ji muryar mutum. Da a safiyar da aka kai Yagana ne batirin nan ya yi sanyi, da nas ta karanta “babu” ta yarda, da yanzu wata irin takarda nake rubutawa. A gyara wannan, a kuma sama wa na'urar batirinta na kanta wanda ba a cajin waya da shi.

Na huɗu. Iyayen surukata suna wani ƙauye ne wajen Karasuwa, kuma can Yagana ke zuwa duk lokacin biki ko girbi. Ƙaramin asibitin ƙauyen yana da 'yar na'urar hannu da suke shigar da bayanai, amma ba a buɗe mata taga ba, ba ta tambayar kowa, ba mai tambayarta. Malamar ta ce bambancin manhaja ba zai hana ba, aikin dai ne bai kai can ba. Ga shi a irin waɗannan wurare ne aka fi saurin yin allura, kuma in abu ya ɓaci babban asibiti yana da nisa. Akwai bikin ƙanwar uwarta bayan girbi, na riga na ce yarinyar ba za ta kwana can ba, kakarta ta wajen uwa tana fushi da ni a kan haka. Ku taimaka ku raba ni da wannan faɗa, ban saba rigima da surukai ba.

Na biyar. Ina jin ƙishin-ƙishin wai akwai masu ba ku shawara a watsar da wannan tsari na tagogi, a sayo babbar manhaja guda, a zuba bayanan kowa a rumbu ɗaya a babban birni, a share duk sunan da ya maimaitu. Ban san gaskiyar maganar ba, in ƙarya ce a yafe mini. In kuwa gaskiya ce, ina roƙo a yi tunani. A yanzu ko sabis ya ɗauke, Gashua tana ganin nata marasa lafiya, Nguru tana ganin nata. In komai ya koma wuri ɗaya, ranar da sabis ya ɗauke kowa ya makance. Sannan abin da ya burge ni a tsarin yanzu shi ne nas ba ta ga komai na yarinyar ba sai suna da shekaru da gargaɗi, iyakar abin da ta tambaya ke nan. Ciwon mutum sirrinsa ne, bai kamata duk mai kwamfuta a gabansa ya riƙa leƙa na mutanen wani gari ba. Abin da kuka gina yana aiki, na gani a kan jikata. A ƙarasa shi kawai.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Abin da ya haɗa katin Nguru da na Gashua a ranar nan ba suna ba ne, ba lambar kati ba ce, lambar wayata ce. Ita kaɗai ce igiyar da ke tsakanin yarinyar da gargaɗin da ke tsare ranta. Ni kuwa na haura saba'in, ina shan maganin hawan jini, abokan aikina na tasha saura ƙalilan. An gaya mini layin da aka daina amfani da shi, bayan wani lokaci kamfani yakan kashe shi ya sayar wa wani. Ranar da na kwanta dama, Abba zai ajiye wayar a akwati, wata rana kuma wani saurayi a wani gari zai sayi lambar, surukata ma za ta daina riƙe ta a ka. Yagana kuwa tana da sauran rayuwa mai tsawo in Allah ya so, za ta yi aure, za ta je awo, za ta haihu a asibitin da ban san shi ba, kuma wani likita zai ɗauki biro ya rubuta mata allura. Ku ba ta lamba tata ta kanta, wadda kowace taga za ta gane, ko da wane suna aka kawo ta.

Allah ya saka maka da alheri, kai da ma'aikatanka, da nas ɗin da ta san abin da sunkuyar da kai ke nufi, da malamar da ba ta gaji da tambayoyin tsoho ba. Allah ya raya muku zuri'a, ya tsare ku da ganin ɗanku yana neman numfashi a gabanku. Allah ya ba ku ikon gama wannan aiki tun ina iya amsa wayata.

Wassalamu alaikum.

Naka mai godiya,
Bukar, kakan Yagana,
Nguru.